Asibitin Tarayya ya zo Kafanchan, saura mai karanta wa iyayenmu lambar ciwonsu



Ranar da labari ya fito a 2025 cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince a kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan Jama'a mazauna Legas bai yi barci ba. Kowa na tura hoto, kowa na sa albarka. Sanata Sunday Marshall Katung ne ya tsaya a kan maganar a majalisa, gwamnatin Uba Sani kuma ta miƙa babban asibitin garin, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, domin a mayar da shi na tarayya. Ni ma na yi murna. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Kafanchan da tsakar dare, ya bi ta Kagoro da Manchok zai Jos, ko ya bi ta Zonkwa da Kachia zai Kaduna, ya san darajar wannan labari.

Sai dai akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya tun ranar, kuma wani labari na ƙasar waje ne ya ƙara tayar mini da ita. A watan Mayun 2025 ofishin tsohon shugaban Amurka Joe Biden ya sanar cewa an same shi da ciwon daji irin na maza. Ba su tsaya a kan kalmar daji ba. Sun ce lambarsa 9, yana aji na 5, kuma ya kai ƙashi. Duk likitan da ya ji waɗannan lambobi, ko a ina yake a duniya, ya gane irin ciwon da irin maganin da ya dace. Mu kuwa a gida, dattijo zai yi shekara biyu yana fama, a sayar da shanu, a binne shi, babu ɗansa ko ɗaya da zai iya gaya maka lambar ciwon da ya kashe shi. To tambayata ita ce: wannan sabon asibiti zai iya ba iyayenmu lambarsu?

Ni ba likita ba ne, a sakandare na tsaya, ina taya Baba harkar shanu a nan abbatuwar Agege. Abin da zan faɗa na koye shi ne a kan bencin asibiti, da yawan tambayar likitoci har suka gaji da ni, da karatu a waya. Kuma dalilin koyon shi ne mutum biyu.

Dattawa biyu, ciwo ɗaya

Na farko abokin cinikin Baba ne, tare suke haɗa lodi tun kafin a haife ni. Ya fara da tashi fitsari sau biyar, sau shida a dare. Aka ce sanyi ne. Aka sayi maganin sanyi a kemis, aka sayi na mai lasifika a kasuwa, aka jiƙa saiwoyi. Da ciwon baya ya shigo, aka ce ai zaman tirela ne na shekara da shekaru. Ran nan fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, aka kai shi wani asibiti aka sa masa roba, aka sallamo shi, babu wanda ya ce a auna jininsa. 'Ya'yansa na Fatakwal duk wata suna turo kuɗi, ana canza roba, ana sayen magani. Sai da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa sannan aka yi gwajin da ya kamata a yi tun farko. Lamba ta fito 9, ciwo ya riga ya cinye ƙashin baya. Allah Ya jiƙansa, bai cika shekara ba bayan nan. An sayar da shanu goma sha ɗaya, kuma mafi yawan kuɗin sun tafi ne kafin a san ko mene ne ake yi wa magani.

Na biyu Baffana ne, ƙanin Baba. Mutuwar wancan ce ta tsorata shi, muka lallaɓa shi ya yi gwajin jini. Aka ce lambar ta ɗan hau, sai an ɗebi nama. Ni na ɗauki 'yar kwalbar naman a cikin jakata na kai wani ɗakin gwaji a Jos, muka yi sati biyar muna jira. Da takarda ta zo aka ce daji ne, gida ya kaure da kuka. Baffa ya kira Baba ya fara lissafa masa bashin da ake binsa da wanda yake bi. Sai likita ya duba takarda ya ce ba za a yi aiki yanzu ba, ya je gida ya riƙa dawowa gwaji a kan lokaci. Baffa ya fito ransa a ɓace, ya ce mini, “Ka ji ko? Ya sallame ni in je in mutu a ɗakina.” Ashe a takardar an rubuta 3+3=6. Shekara huɗu ke nan, Baffa na nan da ransa, ko satin jiya shi ya yi mana lodi.

Kun ga, su biyun duk daji aka ce musu, kuma a gaɓa ɗaya. Abin da ya raba su lamba ce, da lokacin da aka samo ta.

Wace gaɓa ce ma?

A rediyo za ka ji ana cewa dajin mafitsara, wasu su ce na maraina. Duk ba nan ba ne. Wata 'yar gaɓa ce mai kamar girman goro, maza kaɗai ke da ita, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Likitoci na kiranta furostet. Aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan namiji ya manyanta takan kumbura ta matse hanyar fitsari, kuma mafi yawan wannan kumburi ba daji ba ne, tsufa ne kawai. Sarki Charles na Ingila ma an yi masa aikin irin wannan kumburi a watan Janairun 2024.

Inda matsalar take, dajin kan fara ne daga gefen gaɓar ta waje, nesa da hanyar fitsari. Saboda haka a farkonsa sau da yawa ba ya nuna komai. Mutum na cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, abu na girma. Ciwon baya mai hana barci, ciwon ƙugu, rama, mutuwar ƙafa, waɗannan alamun ciwon da ya yi nisa ne. Wanda ya ce sai ya ji ciwo zai je asibiti, ya zauna jiran alamar ƙarshe ke nan.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum dubu 18 sun kamu a shekara ɗaya, sama da dubu 11 sun mutu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya faɗa a 2024 cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne abin zai fi yi wa nauyi. Baƙar fata ya fi kowa haɗari: a Birtaniya an ƙiyasta namiji ɗaya cikin takwas zai kamu a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe ɗaya cikin huɗu ne. Gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, shi ne ajalinsa a Disambar 2023. Shi kuwa Nelson Mandela an gano nasa a 2001, aka yi masa magani, ya ƙara shekara goma sha biyu a duniya. Wole Soyinka ma ya fito fili a 2014 ya ce ya yi fama da shi ya samu sauƙi.

Yadda ake samo lambar

Mataki na farko gwajin jini ne da ake kira PSA. Yawanci idan ya wuce 4 likita zai so ya ƙara bincike. Amma PSA ba ya tabbatar da daji, don kumburin tsufa da ciwon sanyi na gaske duk suna ɗaga shi. Kuma idan dattijo yana shan maganin kumburi irin finasteride, a gaya wa likita, domin yana rage lambar kusan rabi, sai a zaci lafiya lau. Bayan jini, likita zai sa safar hannu ya taɓa gaɓar da yatsa ta dubura. Nan ne dattawanmu ke tubure wa. Na sani, da nauyi. Amma bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya ƙi wannan don kunya, wata rana 'ya'yansa ne za su riƙa ɗaga shi suna canza masa shimfiɗa.

Idan akwai shakka sai a ɗebi nama. Da allura ake yi, a ciro siraran gutsattsari kamar goma zuwa sha biyu daga sassa daban-daban, a zuba a ruwan fomalin don kada su lalace. A ɗakin gwaji ana daskarar da su cikin wani kaki irin na asibiti, a yanka su sirara fiye da fatar albasa, a rina, sannan wani likita na musamman ya duba a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Wannan likitan ba ya ganin mara lafiya, mara lafiya ma ba ya ganinsa, amma hukuncinsa ne kowa ke bi.

Abin da yake yi bai yi nisa da aikin dillali a kara ba. Dillali na gaske ba ya tsayawa a kan cewa wannan saniya ce. Zai buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa ƙirji, ya kalli gashi da tafiya, sannan ya yanka mata kuɗi. Haka wani likitan Amurka mai suna Donald Gleason ya tsara a shekarun 1960. Ya lura cewa idan naman dajin yana kama da na lafiyayyar gaɓa, a jere a tsare, ciwon na tafiya a hankali. Idan ya hargitse ya rasa kamanni, yana gudu. Sai ya ba kowane irin fasali maki daga 1 zuwa 5. Ana ɗaukar fasali biyu a haɗa makinsu, shi ne za ka ga an rubuta 3+3 ko 4+5.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Mutum ya ga 6 sai ya ɗauka shida cikin goma ne, wato ya wuce rabi. A'a. A yau 6 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ake rubutawa a irin wannan gwaji. Saboda wannan ruɗani ne likitocin duniya suka sake tsari a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a 2016, aka raba abin aji biyar. Lamba 6 ita ce aji na 1. 3+4 aji na 2. 4+3 aji na 3. Lamba 8 aji na 4. Lamba 9 da 10 aji na 5.

Za ka ce ai 3+4 da 4+3 duk bakwai ne. A lissafin makaranta haka ne. A nan lambar farko ita ce wadda ta fi yawa a cikin naman. Ka ɗauka tirela biyu ne suka iso kara, kowacce da shanu talatin. Ta farko ashirin da biyar masu ƙiba ne, biyar ramammu. Ta biyu ashirin da biyar ramammu, biyar masu ƙiba. Duk lodin gauraye ne, amma wa zai saye su kuɗi ɗaya?

Akwai kuma wani gwaji da wasu manyan ɗakunan gwaji ke ƙarawa, sunansa Ki-67. An gano shi a garin Kiel na Jamus a 1983, daga nan ya samo sunan. Shi ba fasali yake dubawa ba, saurin hayayyafa yake ƙirgawa. Jikinmu ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina shi, daji kuwa ƙwayoyi ne da suka ƙi daina rabuwa suna yawaita. Ana zuba wa naman wani rini na musamman wanda ke kama ƙwayoyin da ke cikin shirin rabuwa kaɗai, sai a ƙirga nawa ne cikin ɗari. Kamar ka shiga garke biyu ne, kowanne saniya ɗari. A ɗaya uku ne ke da ciki, a ɗayan talatin. Ba sai an gaya maka wanda zai cika shinge baɗi ba. Bincike da yawa sun nuna cewa idan wannan kaso ya yi sama, ciwon ya fi saurin dawowa da yaɗuwa. Amma fa a kula: a dajin furostet har yanzu ba a mayar da shi dole ba, domin ɗakunan gwaji ba su daidaita a kan yadda ake ƙirgawa da inda za a ja layi ba, kuma yana da tsada. Ƙari ne a kan lambar Gleason. Kada wani ya karɓi kuɗinka a kansa alhali ba a ba ka ta asalin ba.

Abu na ƙarshe da likita ke haɗawa shi ne nisan da ciwo ya yi: yana cikin gaɓar, ya fasa ya fito, ko ya kai ƙashi. Hoto ne ke nuna wannan. Wato abu uku ne: lambar PSA, aji, da nisa. Aji na gaya maka zafin gudun ɓarawo, nisa na gaya maka inda ya kai da shanun.

Abin da lambar ke canzawa

Idan aji na 1 ne, PSA ƙasa da 10, ciwo bai fita ba, sau da yawa shawarar ita ce a sa ido kawai, kamar yadda aka yi wa Baffa. Wani babban bincike a Birtaniya ya bi maza 1,643 da aka gano nasu da wuri, aka raba su uku: wasu aka yi musu aiki, wasu aka gasa ciwon da inji, wasu aka sa musu ido. Da sakamakon shekara 15 ya fito a 2023, kusan 97 cikin 100 wannan ciwo bai kashe su ba, a duk rukunin uku, ko da yake ya fi yaɗuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido. Sai dai sa ido na nufin komawa gwaji a kan lokaci, wani lokaci ma a sake ɗibar nama. Wanda ya tafi gida ya manta da asibiti ba sa ido yake yi ba, sakaci yake yi.

Idan aji ya hau amma ciwo bai yi nisa ba, akwai aikin cire gaɓar, akwai gashi da inji, kuma ana warkewa. Idan kuwa ya kai ƙashi, magana ta koma ta danne shi. A nan ne ɗan mai shanu zai fi kowa saurin ganewa. Duk mun san yadda bijimi ke hucewa idan an yi masa fiɗiya. Wannan daji da sinadarin mazantaka yake rayuwa, wanda maraina ke samarwa. Wani likita a Chicago, Charles Huggins, ya nuna a 1941 cewa idan aka yanke wannan sinadari ciwon na lafawa, har ya samu kyautar Nobel a kan haka a 1966. Har gobe shi ne ginshiƙin maganin wanda nasa ya yi nisa: ko allura duk wata ko duk wata uku, ko ƙaramin aiki sau ɗaya a maraina. Allurar kuɗinta ba ya ƙarewa, aikin kuwa sau ɗaya ne. Duka biyun suna rage sha'awa, babu amfanin ɓoye wannan. Na san dattawan da suka ji haka suka sulale daga asibiti ba su koma ba. Amma sau da yawa yana sauƙaƙa ciwon ƙashi, ya buɗe fitsari, ya ƙara wa mutum lokaci tare da iyalinsa.

Ku duba hatsarin aiki babu lamba. Mai aji na 1 zai iya rasa mazantakarsa a banza saboda tsoro. Mai aji na 5 zai iya zama yana shan jiƙo har ƙafa ta mutu. Magani babu lamba cinikin biri a sama ne.

Ma'aunin da za mu auna sabon asibiti da shi

Yanzu mu koma Kafanchan. Canza allon ƙofa abu ne mai sauƙi. 'Yan siyasa na son abin da za a yanka kyalle a ɗauki hoto: sabon gini, sabuwar motar asibiti. Ɗakin duba nama kuwa ɗan ɗaki ne a bayan asibiti, babu mai ɗaukar hotonsa. Amma in babu shi, da likitan da zai zauna a ciki, da likitan fitsari mai ɗibar naman, to dattijon Kafanchan da na Kwoi da na Zonkwa da na Gidan Waya zai ci gaba da ba ɗansa kwalba a jaka ya kai Jos ko Zariya ko Abuja. Kowace tafiya kuɗin mota ne, da kwana, da fargabar hanya. Kowane sati na jira kuma, mai aji na 5 asara yake yi.

Samun likitocin ma ba wasa ba ne. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan dubu 16 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage sun fi son manyan birane. In ana so ƙwararre ya zauna a Kafanchan, sai an ba shi gida, da wuta a ɗakin aiki, da kayan rini da ba sa yankewa, da tsaro.

Gaskiya gwamnati ta ɗan motsa a ɓangaren daji. A watan Yulin 2025 an buɗe sababbin cibiyoyin maganin daji a asibitocin koyarwa na Katsina da Enugu da Benin, kuma Zariya da Jos da Legas na cikin shirin. Akwai hukumar NICRAT mai kula da bincike da maganin daji. Akwai Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji, wanda dajin furostet na cikin guda uku da aka fara da su tare da na mama da na bakin mahaifa, kuma asibitin koyarwa na Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da UCH Ibadan na cikin wuraren da aka fara. To amma injin gashi ba ya karɓar mutum sai da takardar nama. Tallafin ma sai an tabbatar da ciwon. Wato ƙofar shiga duk waɗannan ita ce 'yar takardar nan mai lamba. Babu wanda ke cewa a kai injin gashi Kafanchan gobe. Abin da ya dace shi ne a gano ciwo a gida, a ba shi aji a gida cikin sati biyu, sannan a tura wanda ke buƙatar inji inda inji yake.

Kuma wannan buƙata ce da ba ta da ɓangare. A layin masu robar fitsari na zauna tsakanin dattijon Bajju da Bafulatani, ga wani Atyap a gaba, kowa ya rufe jakar fitsarinsa da riga. Idan ƙungiyoyin ci gaban yankin, da Masarautar Jama'a, da limamai da fastoci za su haɗa baki a kan abu ɗaya, to ga shi. Su tambayi shugabannin asibitin da wakilanmu na majalisa: likitan fitsari nawa aka ɗauka? Ina ake duba naman da aka ɗiba? Kwana nawa sakamako ke yi? Nawa ake biya, kuma inshorar KADCHMA ko ta tarayya na ɗauke wani abu?

Namu aikin, mu da ke Kudu

Mu ne masu tura kuɗi gida, don haka muna da baki a maganar. Idan aka kira ka aka ce Baba na fama da fitsari a turo na magani, ka tura, amma ka ce a yi PSA, a turo maka hoton takardar. Idan an ɗebi nama, ka nemi cikakken sakamako a rubuce. Ka duba ka ga an sa lambar Gleason da aji. In kalmar daji kaɗai ka gani, ka koma ka tambaya. Kuma ka sani ɗakin gwaji na ajiye naman cikin kakin nan, ana iya neman a ba da shi a kai wa wani likita ya sake dubawa idan akwai shakka.

Ka tambayi likita abu huɗu, ka rubuta amsar: PSA nawa ne, aji na nawa ne, ya fita daga gaɓar ko bai fita ba, me zai faru in ba a yi komai yanzu ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuɗinka ne da ran mahaifinka.

Sannan mu yi amfani da inda muke. 'Yan Idi-Araba, asibitin LUTH na bakin ƙofarku, da cibiyar daji da aka buɗe a 2019. 'Yan Sabo da Ojoo, ga UCH. 'Yan Lokpanta, Enugu ba nisa. Idan dattijo ya rako lodi ya sauka wurinka, kafin ya juya ka kai shi a ɗebi jininsa.  Ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka na ba baƙar fata shawarar su fara maganar gwaji da likita tun suna 45, haka wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon da sauran ƙuruciya. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara na iya gayyato ma'aikatan lafiya ranar da babu ciniki sosai, a yi wa 'yan sama da 45 gwaji, da sharaɗin akwai likitan da zai bi sakamakon. Gwaji babu mai fassara shi tashin hankali kawai zai ƙara.

Cuta da magani duk na Allah ne, ajali kuma ba ya wuce lokacinsa. Amma ko a kara ba ma sayen saniya sai mun buɗe bakinta. Baba ya cika 60 bana. Wata uku na yi ina binsa, yana ce mini shi lafiyarsa lau, sai da Baffa ya sa baki sannan ya yarda aka ɗebi jinin. Takardarsa na cikin jakata, an ce ya dawo baɗi war haka. Na sa ranar a waya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.